Sharhi: Tsohuwar Marsandin Alhaji da Kamfanin da Ya Juya Mata Baya

Duk wanda ya san unguwar Abakpa Nike ta birnin Enugu ya san cewa arzikin 'yan kasuwar Arewa da ke zaune a can, da na 'yan uwansu na Anaca da Fatakwal, a kan hanya yake kwana, a kan hanya yake tashi. Albasa da wake da tumatir da shanu su gangaro ta Lafiya da Makurɗi da Otukpo, manja da garin rogo su haura. Saboda haka babu mai koya wa waɗannan bayin Allah darajar mota. Abin da da yawansu ba su kai ga ganewa ba shi ne takardar nan da ake kira inshora, da iyakar inda alkawarinta ya tsaya. Abin da ya sami wani dattijo da na daɗe da sani a unguwar shi ne dalilin wannan sharhi. Ba zan ambaci sunansa ba, ba kuma zan ambaci kamfanin da abin ya haɗa su ba, domin ɗabi'ar ce abin dubawa.

Alhajin dillalin albasa ne, yana da manyan motocin dako guda biyu, amma abin da ya fi ƙauna a cikin dukiyarsa shi ne wata tsohuwar Marsandi ƙirar 200, wadda ya saya sabuwa dal a farkon shekarun 1980, lokacin da naira take naira. Ba ya haya da ita, ba ya barin yara su taɓa sitiyarinta. Ranar Juma'a take fita, sai ranar Salla, sai kuwa in za a kai amarya daga gidan wani na kusa. Fentinta na asali ne, kujerunta na asali ne, kuma sau da dama an taya ta da kuɗi mai tsoka ya ce albarka. Shekara da shekaru yana biya mata cikakkiyar inshora, wato irin wadda ke ɗaukar asarar mai mota shi kansa, ba ta wanda ya buge kaɗai ba, a kamfani ɗaya da manyan motocinsa, bai taɓa neman ko kwabo ba.

Wata rana da damina, yana tsaye a cunkoso kusa da kasuwar Abakpa, sai wata bas da birkinta ya shanye ta dake shi ta baya. Allah Ya tsare rai, amma but ya lotse, fitilu sun tarwatse, ƙarfen baya ya tanƙware. Kamfani ya turo injiniyansa mai kimanta ɓarna, ya duba, ya rubuta cewa kuɗin gyara ya zarce darajar motar a kasuwa, don haka a ɗauke ta a matsayin wadda ta hallaka ɗungurungum: a biya shi darajar tata, kamfani ya kwashe gawar motar. Alhaji ya ce sam. Bayan watanni ana kai da komowa, ya karɓi abin da bai kai rabin kuɗin gyara ba domin a bar masa abinsa, ya ciko daga aljihunsa, aka nemo kaya daga kasuwar Mgbuka ta Obosi, wani bakanike a Coal Camp ya tayar da ita. Da lokacin sabunta takarda ya yi, sai aka gaya wa ɗansa da baki, ba a rubuce ba, cewa kamfani ya daina karɓar mota mai waɗannan shekaru a cikakkiyar inshora.

Da na je yi masa jaje, na ce, "Baba Alhaji, ai sai haƙuri." Ya dube ni ya ce, "Malam, duk shekarun da suke karɓar kuɗina, motar yarinya ce. Ranar da na ce su biya, a ranar ta tsufa."

Wannan magana ta dattijon ita ce zuciyar al'amarin. Amma kafin mu ga laifin kamfani, wajibi ne mu yi masa adalci, domin mai karatu ɗan kasuwa ne, ya kuma san cewa babu mai buɗe shago don ya faɗi. Inshorar mota yarjejeniya ce ta wata 12. Idan ta ƙare, kowane ɓangare yana da ikon ya ce ya fasa, kamar yadda shi ma Alhaji yake da ikon ya ɗauke motocinsa ya kai wani kamfani ba tare da ya ba kowa dalili ba. Ƙin sabuntawa daban yake da soke takarda a tsakiyar shekara, wanda shi ma akwai sharaɗinsa a cikin ƙananan rubutun da ba mu karantawa: tsofaffin takardun inshorar mota sukan ba kamfani damar sokewa da sanarwar kwana 7 ta wasiƙa mai rajista, ya mayar da kuɗin watannin da suka rage. Bugu da ƙari, tsohuwar mota wahala ce ga mai inshora. Kayan gyaranta na asali sun yi wuya, wanda aka samu kuwa da dala aka shigo da shi. A farkon watan Yuni na 2023 ana canjin dala a hukumance a kan kimanin naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kamfanin da ya karɓi kuɗin shekara da tsohon lissafi, da sabon lissafi zai sayi fitila. Sannan akwai masu haɗa baki da bakanike su ƙara kuɗin gyara, da masu kitsa hatsarin da bai auku ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya musa shi bai san harkar ba.

To, amma fa dukkan waɗannan dalilai suna nan tun kafin bas ta daki Marsandin. Shekarun motar a rubuce suke a takardarta tun ranar farko. Ƙarancin kayan gyara ba a ranar hatsarin ya fara ba. Idan mota mai shekaru 30 da ɗoriya ba ta cancanci cikakkiyar inshora ba, me ya sa aka yi ta karɓar kuɗinta? Mu ɗauki misali don lissafi kawai. Tun ranar 1 ga Janairun 2023, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta ƙayyade cewa kuɗin cikakkiyar inshorar mota kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar da aka rubuta. A ce mutum ya rubuta motarsa a kan naira miliyan 4. Zai biya naira 200,000 a shekara. In ya yi shekara 10 a haka bai nemi komai ba, ya zuba naira miliyan 2, rabin kuɗin motar ke nan. Haƙiƙa ba ajiya ya yi ba, kariya ya saya, kuma ya ci moriyar kariyar a kowace shekara ko da bai yi hatsari ba. Amma kariyar da za a janye ta da zarar an gwada ta sau ɗaya, a hatsarin da ma ba laifin mai mota ba ne, kariya ce da ba ta amsa sunanta ba.

Akwai wani abu a nan da ya kamata kowane mai tsohuwar mota ya fahimta, domin a nan ne aka kama Alhaji tun kafin maganar sallama ta taso. Takardar inshora ta yau da kullum ba ta yi alkawarin biyan adadin da ka rubuta ba. Alkawarinta shi ne biyan darajar motar a kasuwa a ranar asara, ko adadin da aka rubuta, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ita kuwa darajar kasuwa, a lissafin injiniyan kamfani, raguwa take yi kowace shekara, har mota ta koma kusan kuɗin ƙarfenta. Wannan lissafi daidai ne ga tasi da ke jigila dare da rana. Ba daidai ba ne ga motar da aka killace, wadda ƙarancin irinta ke ƙara mata tsada. Sakamakonsa shi ne, ɗan lotsewar da za a gyara wa sabuwar mota ba tare da gardama ba, a tsohuwa sai ya zama hukuncin kisa, tunda kuɗin gyara ya wuce ɗan abin da aka kimanta ta. Da zarar kuma an biya diyyar hallaka gaba ɗaya, takardar ta mutu a nan take, gawar motar ta zama ta kamfani. Wato ke nan ana iya raba mutum da motarsa da takardarsa a rana ɗaya, ba tare da an karya ko sharaɗi guda ba.

Daɗin daɗawa, tabon ba ya tsayawa a kamfani ɗaya. Fom ɗin neman inshora a ko'ina yana tambaya: shin wani kamfani ya taɓa ƙin karɓarka, ko ya soke maka takarda, ko ya ƙi sabunta maka? Inshora kuwa a kan cikakkiyar gaskiya aka gina ta. In ka ce e, sabon kamfani ya ɗaure fuska, ya tsawwala kuɗi ko ya ce ka gaba. In ka ce a'a, ka ba shi makamin da zai ƙi biyanka ranar da ka fi bukata. Shi kuwa wanda aka sallama da baki, kamar Alhaji, ba shi da ko takardar da zai nuna cewa shekarun mota ne dalili, ba ha'inci ko tuƙin ganganci ba.

A ganina babbar ɓarnar ba ta kan mutum ɗaya ba ce. Labari irin wannan, kafin a yi la'asar ya zagaye zango. Darasin da 'yan kasuwa ke ɗauka daga cikinsa shi ne: in kana son takardarka ta ɗore, kada ka nemi diyya. Sai ka ga mutum yana da cikakkiyar inshora a aljihun mota amma yana gyara da kuɗinsa don kada a sa masa ido. Daga nan sai ya tambayi kansa amfanin biyan, ya koma ga ƙaramar takardar da doka ta tilasta, wadda tun 2023 ta koma naira 15,000 daga naira 5,000 ga motar gida, take kuma biyan ɓarnar dukiyar wanda ka buge har naira miliyan 3, amma ba ta ba ka ko sisi a kan taka motar. Wasu ma sai su gangara ƙasa da haka, su sayi ta jabu a bakin ofishin lasisi don 'yan sanda kawai. Ita takardar jabun nan ta sake dawowa ta ciji kamfanonin, domin a ƙa'ida kamfanin da ya biya wanda aka buga yana da ikon ya bi mai laifi ko kamfaninsa ya karɓo abin da ya kashe. In takardar mai laifi ta bogi ce, babu inda zai dosa. Shugabannin harkar kullum suna kuka cewa inshora ba ta kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da Nijeriya ke samarwa a shekara ba, suna ɗora laifin a kan jahilci da addini. Ya kamata su ƙara da abin da mutane suka gani da idonsu.

Ɗan kasuwar Arewa da ke zaune a Gabas yana da ƙarin dalilin damuwa. Dukiyarsa a fili take, a tasha da bakin kasuwa, kuma tarihi ya nuna masa abin da tarzoma ke yi wa mota, daga rikicin Anaca na Fabrairun 2006 zuwa na Oyigbo kusa da Fatakwal a Oktoban 2020, zuwa zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Agustan 2021. Yawancin takardun inshorar mota sun cire tarzoma da yajin aiki da hargitsin jama'a daga abin da suke biya, sai in an nemi ƙarin sharaɗin an biya kuɗinsa. Wanda aka sallama daga cikakkiyar inshora ya rasa har damar sayen wannan ƙarin, domin a kanta ake ɗora shi.

A ƙasashen da tara tsofaffin motoci ya zama sana'a, an daɗe da gane cewa awon da ake yi wa motar haya ba ya yi wa motar ajiya. A Amurka, kamfanin Hagerty na jihar Michigan, wanda ya fara da inshorar tsofaffin jiragen ruwa na katako a 1984 kafin ya haɗa da motoci, ya yi suna ne da tsarin darajar da aka amince da ita tun farko. Mai mota da kamfani su daidaita a kan adadi, a rubuta, in mota ta hallaka a biya wannan adadin ba tare da cire komai don tsufa ba. A madadin haka mai mota ya yarda cewa ba zai yi zirga-zirgar yau da kullum da ita ba, yana da wata motar ta hawa, kuma a killace take kwana. Da yake irin wannan mota ba ta cika fita ba, kuɗin inshorarta yakan yi ƙasa da na motar aiki. A Ingila, motar da ta haura shekara 40 ana iya yafe mata harajin hanya da gwajin lafiya na shekara-shekara. Kasuwar ta kai matsayin da a 2022 aka sayar da wata Marsandi ƙirar 300 SLR ta 1955 a kan yuro miliyan 135. Ba ina cewa a can ba a sallamar mutum bayan ya nemi diyya ba. Ana yi, kuma kamfanoninsu suna da rumbun bayanai da ke bin mutum da tarihin diyyarsa shekaru. Bambancin shi ne an yi wa abin linzami. A jihar Kalifoniya, dokar da jama'a suka kaɗa wa ƙuri'a a 1988 ta taƙaita dalilan soke inshorar mota ko ƙin sabunta ta zuwa uku: rashin biyan kuɗi, ha'inci ko ɓoye gaskiya, da ƙaruwar haɗari ƙwarai a kan abin da aka yi wa inshora.

Kada wani ya ce wannan maganar masu hannu da shuni ce ta Turai. Ƙasar da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kamfanin ANAMMCO kuma ya buɗe masana'antar harhaɗa manyan motocin Marsandi a 1980 a Emene, nan maƙwabtan Abakpa, tana da nata kayan tarihi masu taya. Fijo 504 da akori-kura 404 da Marsandi 911 mai bodin katako suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a hannun 'yan gwangwan. Ba sai motar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta a 1976, wadda ke gidan tarihi na Legas, ce kaɗai ta cancanci a adana ba. Kuma matsalar kimanta tsohuwar mota da ta taɓa Marsandin Alhaji, ita ce ke jiran kowane mai tsohuwar gingimari da ke hawa tudun Ugwu Onyeama da lodin albasa.

Dokar sake fasalin harkar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta maye gurbin ta 2003, ta kuma ɗaga jarin kamfanin da ke inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15. Wannan ya yi kyau, domin kamfanin da ba shi da jari ba ya iya biya ko yana so. Sai dai jari ba ya gyara hali. An yi irin wannan ƙarin jari tsakanin 2005 da 2007, kamfanoni suka ragu daga sama da 100 zuwa 49, amma kukan masu neman diyya bai ragu da rabi ba. Abin da nake kira ga NAICOM ta mayar ƙa'ida, ta kuma tsaya a kai, ba shi da tsada. Duk kamfanin da ba zai sabunta takarda ba, ya sanar da mai ita a rubuce, aƙalla wata guda kafin ta ƙare, ya kuma faɗi dalili. Hatsarin da rahoton 'yan sanda ya tabbatar ba laifin mai takarda ba ne, kada ya zama hujjar sallama. In kuma kamfani yana da iyakar shekarun motar da yake karɓa, ya bayyana ta ranar karɓar kuɗi, ba ranar biyan diyya ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya hana kamfani korar maha'inci, ko ƙara wa mai yawan hatsari kuɗi.

Su ma 'yan kasuwarmu suna da nasu laifin, kuma ba zan rufe shi ba. Muna sa hannu a kan abin da ba mu karanta ba, muna barin yaron ofis ya cike mana fom, muna rage darajar mota a takarda don mu rage kuɗin shekara, sannan mu yi mamaki ranar biya. Mai tsohuwar mota mai daraja ya sa a kimanta ta tun tana lafiya, a ɗauki hotunanta ciki da waje, ya adana rasiɗan gyara, ya nemi a rubuta masa a jikin takarda cewa an amince da adadi kaza, kuma in ta hallaka yana da zaɓin riƙe gawarta. In kamfani ya ƙi, gara ya sani yau. Ya kuma bi ta hannun dillalin inshora mai rajista, domin dillali wakilin mai mota ne, saɓanin ejan da ke wakiltar kamfani, kuma kamashonsa daga kamfanin yake fita. Wanda aka zalunta yana da ofishin karɓar koke na NAICOM, ba sai ya tsaya a kan Allah Ya isa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Alhaji shi kaɗai ya je ya yi wannan gardama. Kamfani yana iya juya wa mai mota uku baya, amma da wuya ya juya wa masu mota 200 da suka zo da takarda guda. Ƙungiyoyin masu albasa da na masu shanu, da reshen ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO, da fadar Sarkin Hausawa, suna iya tattara motocin jama'arsu a yi ciniki ɗaya, a sa sharaɗin cewa ba za a tsame mutum ɗaya a yar don ya nemi haƙƙinsa ba. Waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, wadda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, inda kuɗin da aka tara na mahalarta ne, kamfani wakili ne kawai, in an sami rara a raba musu. Amma kada a ruɗu da suna: shi ma kamfanin takaful yana iya ƙin sabunta wa mutum, don haka sharaɗin a rubuce ake bukatarsa a can ma.

Alhaji dai ya kwashe manyan motocinsa biyu ya kai wani kamfani. Marsandin kuwa babu wanda ya karɓe ta. Tana nan a rumfar gidansa an lulluɓe ta da tamfol, da takardar naira 15,000 a aljihunta. Juma'a ta daina fita. Da Sallar da ta wuce ya fito da ita da kansa bayan an sauko daga idi, ya zaga da jikokinsa ta hanyar tafkin Nike, ya ƙi bi ta kasuwa.